Hasken da Ya Zube a Garkar Akoli

Lauratu ta sauka a tashar Arlit cikin bazara, rana na tsakar ka. Da yaran mota suka buɗe ƙarƙashin bas ɗin, ta riga kowa miƙa hannu ta jawo wani ɗan akwatin ƙarfe. Ya yi zafi har sai da ta naɗe hannu da mayafinta kafin ta iya riƙe shi. Tun a Agadas ta roƙi a bar ta ta ɗora shi a cinya, aka ce babu wuri, haka ya taho cikin buhunan albasa yana shan girgizar wannan hanya da kowa ya san halinta.

Mahaifinta, Malam Ɗalhatu, yana jiranta a inuwar wata rumfa. Mutumin Damagaram ne, ya zo Arlit yana saurayi, ya ƙarar da ƙarfinsa yana haƙar ma'adinai a ƙarƙashin ƙasa a Akokan har ranar da aka rufe ramin. A cikin ƴaƴansa Lauratu ce ta yi nisa a karatu. Ta gama lakwal a nan, ta wuce Yamai, daga can aka ba ta gurbi a wata jami'a a Turai, inda take aikin bincikenta na dakta.

Bayan la'asar, da ta huta, ya sa ta buɗe akwatin a tsakar gida.

"To Laure, nuna mini abin da ya raba ni da ke shekara da shekaru."

Ta ɗaga wani siririn zare mai launin ɗorawa. "Baba, cikin wannan gilashi ne. Haske ke bi ta ciki, kamar yadda ruwa ke bin tiyo. Wannan ɗan abin kuma mai girman farce, silikon ne. An zana masa hanyoyi da hasken zai shiga ya bi, sirara ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Inda wahalar take, bakin zaren ya fi bakin hanyar faɗi nesa ba kusa ba. Kamar a ce ka juye bokiti a bakin kwalbar turare."

"Ai sai ya zube."

"Shi ya sa ake sa mazurari a tsakani. Wannan mazurarin shi ne aikina. Ni na zana shi, ni na daidaita zaren a bakinsa, na manne da wani irin kol mai kama gilashi. In zaren ya goce ko da abin da bai kai kaurin gashi ba, rabin hasken ya tafi a banza."

Malam Ɗalhatu ya yi dariya har da tari. "Wato duk wannan karatu, mazurari kike ƙerawa!"

Ita ma ta yi dariya. Ta bayyana masa cewa idan an gama na'urar, za a riƙa ɗiga mata ruwa, in akwai ƙarfe mai cutarwa a ciki sai hasken da ke fitowa ya ragu. Amma wannan ɓangaren na wasu abokan aikinta ne, kuma ba su kammala ba. Ita malaminta ya ba ta na'urar ne don abu guda: a ga ko mannin zai jure zafin hamada da girgizar hanya.

Duk cikin bayanin, kalma biyu ce ta zauna wa tsohon: ruwa da ƙarfe. Da magariba ya kai su majalisa.

Washegari da hantsi sai ga Akoli ya yi sallama. Ba'abzine ne dogo, rawaninsa ya koɗe, shi da Malam Ɗalhatu tare suka yi aikin rami. Da aka sallame su, Akoli ya samu fili a bayan gari ya haƙa rijiya, ya kafa garka, wato lambu. Salati, shu (kabeji ke nan), karoti, tumatir, albasa, matarsa Mina ce ke kai su kasuwa. A garin da kowa ke da labarin da ya taɓa ji game da ruwa, mutane na sayen kayan Mina ne don an san rijiyarsu tasu ce, nesa da komai.

"Ɗiyata," in ji Akoli, da irin Hausarsa da ba ta raba mace da namiji, "an ce ka zo da abin duba ruwa. Ka zo ka duba nawa. Ni na san lafiya lau yake, amma ina son in ji daga bakin mai ilimi."

"Baba Akoli, na'urar ba ta kai nan ba tukuna. Gwaji ce kawai."

"To gwajin nake so."

Ta dubi mahaifinta don ya taimake ta. Ya ce, "Akoli ne fa, Laure. Ba za ki kunyata ni a gabansa ba."

Ta so ta sake cewa a'a. Amma ta ga yadda fuskar tsohon ta cika, ta tuna ba ta taɓa yi masa wani abu da zai nuna wa abokansa ya ce ga aikin ɗiyata ba. Ta ɗauki akwatin.

Ta yi zaton su uku ne. Da suka isa garkar ta tarar da mutum ya fi goma a gindin rijiyar, har da Muktari, mai shagon kayan masarufi a unguwarsu, wanda ba ya rabuwa da wayarsa. Aka shimfiɗa mata tabarma a inuwar zogale. Ta haɗa batir, ta kunna fitilar leza, ta jona na'urar da ordinatarta, wato kwamfutarta.

A jikin silikon ɗin akwai hanya ta biyu da ruwa ba ya taɓawa. Ƙa'idar aikin ita ce a fara auna haske a wannan hanyar, don a tabbatar yana shiga yadda ya kamata. Lauratu ta fi kowa sanin haka, ita ke koya wa sababbin ɗalibai. Amma sai an kwance wayoyi an sake jonawa, ga rana tana hawa, ga mutane sun zuba mata ido, wani har ya fara cewa, "Ko dai ta lalace ne?" Ta ce a ranta, kafin in taso lafiya na bar ta. Ta tsallake.

Akoli ya jawo guga da kansa. Ta ɗiga ruwan. Layin da ke kan allon ya tsaya can ƙasa, bai kai ko rabin inda ta saba ganinsa ba.

Fuskarta ta canja, kuma kowa ya gani.

"Lafiya?" in ji mahaifinta.

"Hasken ya ragu sosai."

Muktari ya matso, wayarsa a ɗage. "Hajiya, an ce in da ƙarfe a ruwa haske raguwa yake yi. Wato akwai guba ke nan?"

"Alama ce cewa akwai wani abu," in ji ta. "Amma sai an sake gwadawa, kada kowa ya..."

Ba wanda ya tsaya jin sauran. Wani ya yi salati, wani ya tofar da yawu. Akoli ya tsaya da igiyar guga a hannu, yana duban cikin rijiyarsa kamar yau ya fara ganinta.

Kafin la'asar hoton bidiyon da Muktari ya ɗauka ya zaga wayoyin Arlit da Akokan. An yanke shi daidai inda ta ce akwai wani abu.

Lauratu ta yi niyyar sake gwajin a ranar, sai baƙi suka cika gidan, ƴan uwa da ƙawayen ƙuruciya, kowa na son ganin ƴar Turai. Wasu har da kwalaben ruwan gidajensu suka zo. Ta ce musu batir ya ƙare. Kwanaki suka ɗan ja kafin ta samu wata safiya ta kulle kanta a ɗaki, ta zauna yin aikin da ya kawo ta.

Ta jona hanyar da ruwa ba ya taɓawa. Layin ya tsaya can ƙasa, daidai inda ya tsaya a garka.

Ta kashe ta kunna. Ta sauya waya. Ta ɗiga ruwan roba da aka sayo a shago, layin bai motsa ba. Sai ta fito da ɗan madubin ƙara girma, ta haska bakin silikon ɗin. Kol ɗin ya yi laushi a zafin ƙarƙashin mota, ya sake daskarewa a karkace, ya ja zaren gefe. Hasken na isowa bakin mazurarin ya wuce ta gefensa. Ko ruwan zamzam aka ɗiga, abin da allon zai nuna ke nan.

Ta ajiye madubin. Ba ɓangaren abokan aikinta ne ya gaza ba, nata ne, kuma abin da aka aiko ta ta duba ke nan tun farko. Ita da hannunta ta ciro akwatin yana ƙuna.

Ranar ba ta faɗa wa kowa ba. Aka kawo tuwo ta ce kanta ke ciwo. Ta kwanta tana lissafin yadda za ta koma Turai maganar ta mutu da kanta, tana kuma jin kunyar lissafin. Da yamma ta ji wata maƙwabciya a tsakar gida tana ba da labari: Mina ta wuni a kasuwa ba wanda ya taya ko ƙullin salati, masu gidajen abinci sun mayar mata da shu, ta ɗora kayanta a amalanke ta koma da su.

Da safe ta sami mahaifinta a zaure yana shan shayi. Ta durƙusa ta faɗa masa komai, ba ta rage ba.

Ya ɗago ya dube ta. Sannan ya ce, "Ni na matsa miki."

"A'a Baba. Kai ba ka san akwai abin da ake fara dubawa ba. Ni na sani."

Ya ajiye kofin. "Tashi mu je."

Garkar ta canja cikin ƴan kwanakin. Salatin da ke cikin fangali ya kwanta don ba a ba shi ruwa ba. An tuge shu an tara a gefe, awaki na ci. Mina na zaune a bakin bukka da jikarta a cinya, yarinyar da ta yi fama da ciwon ciki a daminar bara. Da ta ga Lauratu sai ta fashe da kuka.

"Gara da kika zo," in ji ta. "Gaya mini gaskiya. Ni na shayar da ita ruwan nan tun tana jaririya. Ciwon da ta yi, ni ce? Uwarta ta kira daga Cirozerin ta ce a mayar mata da ɗiyarta."

Wannan Lauratu ba ta lissafa da shi ba. Duk tunaninta a kan kasuwa yake. Ta durƙusa a gaban Mina.

"Inna, na'urata ce ta lalace a hanya. Abin da ta nuna ba daga ruwanku yake ba. Akwai abin da ya kamata in duba kafin in fara, ban duba ba. Laifina ne, ku yafe mini."

Mina ta daina kukan, ta zuba mata ido kawai. Akoli ya taho daga bakin rijiya yana goge hannu.

"Alhamdulillahi," in ji shi. "To shi ke nan. Ka je kasuwa ka ce musu ruwan Akoli lafiya lau."

"Baba Akoli, wannan ba zan iya faɗa ba."

"Don me?"

"Don ban sani ba. Na'urar ba ta ce da guba ba, ba ta ce babu ba. Ba ta ce komai ba. Sai an kai ruwan babban labo, ɗakin gwaje-gwaje, a Yamai."

Akoli ya juya wajen abokinsa. "Ɗalhatu, ka ji? Ranar nan bakinsa ya buɗe da sauri. Yau da nake bukata, ya ce bai sani ba."

Malam Ɗalhatu ya sunkuyar da kai. Lauratu ba ta taɓa ganin mahaifinta ya ji kunya haka a gaban wani ba, kuma ta san ita ta ja masa.

"Zan faɗa musu na yi kuskure," in ji ta. "A gaban kowa. Wannan na sani, kuma zan faɗa."

Ta fara da Muktari. Ya rantse bai yi da mugun nufi ba, shi ceton jama'a ya yi. Ya yarda ya ɗauke ta sabon hoto. Ta tsaya a gaban shagonsa ta yi bayani da Hausa mai sauƙi, ta nuna zaren, ta nuna inda ya goce, ta ce duk wanda ya ga na farko ya taimaka ya tura wannan. Mutane kaɗan suka tura. A cikin waɗanda suka kalla, da yawa cewa suka yi an kira ta an ja mata kunne. Wani ya ce ai daman haka ake yi, duk wanda ya faɗi gaskiya a kan ruwan garin nan sai an sa ya lashe amansa.

Ranar da Mina ta yarda ta sake fita kasuwa, Lauratu ta bi ta, ta zauna a gefen tirenta. Duk wanda ya tsaya sai ta sake bayanin daga farko. Wata mata ƴar Tawa, mai sayar da abinci a bakin tasha, wadda ta daɗe tana sayen kayan Mina, ta saurare ta har ƙarshe.

"Na ji," in ji matar. "To ke yanzu, ruwan na da kyau ko ba shi da kyau?"

"Ban sani ba tukuna, Hajiya."

"To ni ma ban sani ba, kuma ƴaƴan mutane nake ciyarwa." Ta dubi Mina da tausayi, ta wuce teburin gaba.

Mina ta ɗauki tumatir guda, ta goge a zanenta, ta miƙa wa Lauratu a gaban mutanen da suka taru. Lauratu ta karɓa ta ci, ruwansa na bin hannunta. Tana ci tana jin cewa wannan ma wata shaida ce take bayarwa a kan abin da ba ta auna ba, amma ba ta da fuskar da za ta ƙi. Wani saurayi daga baya ya ce, "Ita me ya dame ta, jibi tana jirgi." Aka yi dariya.

Ta ɗebi ruwan rijiyar a kwalabe masu tsabta kamar yadda mutanen labo suka gaya mata a waya, ta ɗaga tafiyarta, ta kai su Yamai da kanta a cikin kula mai ƙanƙara, wannan karon a kan cinyarta tun daga Arlit. Aka ce mata sakamako zai ɗau lokaci, akwai layi, wani gwajin ma sai an tura waje. Hutunta ya ƙare, ta koma.

Malaminta ya duba zaren da ya goce da awon da ta yi a ɗaki, ya yi murna ƙwarai. Ya ce wannan ne abu mafi amfani da aka samu a shekarar, don yanzu sun san inda mannin ke gazawa. Lauratu ta ba shi labarin garkar. Ya girgiza kai ya ce abin ba daɗi, ya ce kowa na kuskure, sannan ya koma kan maganar kol. Ta shafe watanni tana sake zanen mazurarin, ta faɗaɗa bakinsa yadda ko zaren ya ɗan goce haske zai shiga, ta sauya mannin. Ta kuma nace aka gyara na'urar yadda ba za ta nuna komai ba sai ta fara auna kanta. Aikin ya yi kyau, aka gayyace ta taro ta gabatar. Malamin ya ce ta sa hoton garkar a farkon jawabin, zai ja hankalin mutane. Ta ce a'a. Da aka tafa mata a zauren, ji ta yi kamar ta ci abincin wani.

Sakamakon ya fito bayan damina ta wuce. Duk abin da aka auna bai haura iyaka ba, sai ɗan gishiri da ya ɗara, wanda ba ya hana sha ko ban ruwa. Malam Ɗalhatu ya sanar a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a, ya bi gidajen abinci ɗaya bayan ɗaya da ƙafarsa. Amma noman wannan shekarar ya riga ya tafi. An mayar da jikar Mina wajen uwarta a Cirozerin. Ɗan Akoli da ke taya shi aikin garka ya bi motar masu haƙar zinariya zuwa Cibarkaten, ya ce in ya samu zai dawo.

Da sanyi ya fara shiga, Lauratu ta kira gida wata ranar Lahadi. Mahaifinta ya ce, "Ga wani yana son magana da ke."

"Ɗiyata, kana lafiya?" Muryar Akoli ce.

"Lafiya lau, Baba Akoli. Ya garka?"

"Na shuka rabi. Ni kaɗai ne, rabi nake iyawa. Matar nan ta tasha ta dawo saye, da wasu. Wasu har yanzu in sun ga kayana sai su ce na rijiyar nan ne."

"Inna Mina fa?"

"Tana nan. Ba ya fita kasuwa yanzu, wata ƴar ƙanwarsa ke kaiwa."

"Ko za ka ba ta wayar in gaishe ta?"

Ta ji ya yi magana da Tamajak, harshensu, nesa da wayar. Ta ji muryar mace ta amsa a taƙaice. Sannan ya dawo.

"Hannunsa da ƙullu," in ji shi. "Wata rana."

"To. Ka gaishe ta."

"Zai ji. Ɗalhatu ya ce ka gyara abin naka."

"Na gyara, Baba."

"Madalla. Allah ya sa ya amfani mutane." Ya yi tari. "Bari in ba ka babanka, rana na yi, ban gama ban ruwa ba."